Auta da Farin Garin Tsumma

A wani gida mai hawa uku, can a hawa na sama, akwai wata yarinya da kowa yake kira Auta. Yayyenta biyu sun girma, suna karatu a nesa. Ita kaɗai ta rage tare da Umma da Baba.

Auta yarinya ce mai yawan tunani. Idan aka aike ta kicin ta ɗebo ruwa, sai ta tsaya a bakin taga tana kallon gajimare. Wannan jirgin ruwa ne. Wancan tsohuwa ce da ƙunshin kaya a ka. Kafin ta dawo daga kallon, kofin ya cika har yana zuba.

"Auta, kina ina?" Umma takan tambaya.

"Ga ni, Umma."

"Jikinki dai na gani. Ke nake tambaya, kina ina?"

Sai Auta ta yi dariya ta rufe famfo.

Baba direban bas ne. Wata ranar da aka wuni ana ruwa, ya dawo gida da wani abu a cikin hularsa. Abin ya jiƙe sharkaf, launinsa toka-toka, duk ya cukurkuɗe.

Umma ta leƙa hular. "Wannan tsumman fa? Daga ina?"

Sai tsumman ya buɗe baki ya ce, "Miyau."

"A ƙarƙashin motata na same ta," in ji Baba. "Na ce mata ta biya kuɗin mota, ta ce ba ta da ko sisi. Shi ne na kawo ta gida ta yi mana aiki."

Tun daga ranar sunan 'yar kyanwar ya zama Tsumma.

Auta ta goge mata jiki da tsohon tawul. Ta yi mata gado a cikin kwalin takalmi. Ba a yi wata guda ba, Tsumma ta zama wata aba daban. Gashinta ya yi laushi. Idonta ya yi kore shar. Tana tsalle daga ƙasa zuwa kujera, daga kujera zuwa tebur, daga tebur zuwa bakin taga. A nan suke zama da Auta da rana, su biyu, suna kallon sama.

Da farko abincin gwangwani ake saya mata a kantin da ke bakin titi. Wata rana Auta da Umma suka je saye, suka tarar da kantar da ake jera shi wayam. Babu gwangwani ko ɗaya.

"Masu yin sa ne suka aiko a mayar musu," in ji mai kanti. "Wai wani abu marar kyau ya shiga cikin wasu. Idan kuna da saura a gida, kada ku ba ta."

Auta ta riƙe hannun Umma gam. Ta daɗe tana kallon kantar nan da babu komai a kai.

A hanya Umma ta ce, "Ni dai daga yau a gida zan riƙa dafa mata. Abin da na dafa da hannuna, na san abin da ke ciki. Amma ba zan yi da ka ba. Gobe mu je wurin likitar dabbobi ta faɗa mana yadda ake yi."

Washegari suka je. Likita mace ce doguwa mai gilashi, muryarta a hankali. Ta auna Tsumma a sikeli. Ta duba haƙoranta da kunnuwanta. Sannan ta ɗauko takarda ta fara rubutu tana yi wa Umma bayani.

A kusurwar ɗakin akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa. A ciki wasu ƙananan kifaye ne, ja da ruwan ɗorawa, suna yawo a hankali. Auta ta matsa kusa. Wani kifi ya zo ya tsaya daidai hancinta. Ta fara tunanin ko su ma kifaye suna zuwa makaranta. Ko wancan babban shi ne shugaban makarantar? Ko ƙananan duwatsun nan su ne kujerun ajinsu?

Muryar Likita tana zuwa mata daga nesa, kamar ana magana a wani gida. Ta ji an ce kaza. Ta ji an ce hanta kaɗan. Ta ji an ce cokali ɗaya. Sauran duk ya bi ruwa tare da kifayen.

"Auta, kin ji abin da Likita ta ce?"

"Na ji, Umma."

Suka koma gida da takarda da wata kwalba cike da farin gari. A cikin kwalbar akwai wani ɗan cokali ƙarami, bai kai kan yatsa ba.

Umma tela ce. Shagonta yana ƙasan gidan, kuma ba ta hawowa sai yamma. Don haka suka raba aiki. Ranar da ba ta buɗe shago, Umma takan dafa naman kaza a ruwa zalla, babu gishiri, babu komai. Ta cire ƙasusuwan tas. Ta yanka hanta 'yar kaɗan ta haɗa. Ta zuba a ƙananan robobi ta jera a firji. Aikin Auta shi ne ta ɗumama abincin, ta bari ya huce, ta zuba farin garin cokali ɗaya, ta juya, ta ba Tsumma.

Mako biyu Auta tana yin haka ba fashi.

A makaranta, Auta tana da ƙawa da suke zama a benci ɗaya. 'Yan aji suna kiranta Rediyo, saboda kullum tana da sabon labari, kuma ba a kashe ta.

Ranar nan lokacin tara, Auta tana ba ta labarin abincin Tsumma. Da ta zo kan farin gari, sai Rediyo ta zaro ido.

"Farin gari? Na cikin kwalba? Kin karanta abin da aka rubuta a jiki?"

"A'a."

"Tab! Gwaggona ta ce duk abin da aka rubuta a jikin kwalba, idan ba ki iya karanta sunansa ba, to guba ne. Ta ce da gangan suke sa dogon suna don kada mutane su gane."

"Amma Likita ce ta ba mu."

"To, shi gwangwanin da aka kwashe, ba a kanti kuka saya ba? Wa ya san yana da matsala kafin a faɗa?"

Auta ta tuna kantar nan da babu komai a kai.

Da ta dawo gida, ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce kicin. Ta ɗauko kwalbar ta kai bakin taga inda haske yake. A bayanta akwai rubutu ƙanana-ƙanana, layi bayan layi. Ta gwada karanta na farko. Harshenta ya sarƙe a tsakiya. Ta gwada na biyu. Ya fi na farko tsawo.

Tana kallo, sai ta ga kamar sunayen suna motsi. Suka zama wasu dogayen tsutsotsi masu ƙafafu da yawa. Suna saukowa daga jikin kwalbar ɗaya bayan ɗaya, suna bin gefen tebur, suna nufar kwanon Tsumma.

Tsumma ta zo tana goga kanta a ƙafar Auta. Tana jin yunwa.

Auta ta ɗumama abincin. Ta ɗebo garin cokali ɗaya. Ta tsaya da cokalin a hannu, ta kalli kwanon, ta kalli Tsumma.

Ta yi tunanin ta sauka shago ta tambayi Umma. Amma ta san abin da Umma za ta ce: "Likita ce ta ce a sa." Idan kuma Likita ba ta sani ba fa?

Sai ta juya ta zubar da garin a wurin wanke kwanuka. Ta buɗe famfo. Ruwa ya tafi da shi.

Tsumma ta cinye naman tas, har tana lasar kwano.

"Kin gani?" Auta ta ce mata a hankali. "Haka ma ya fi daɗi. Ni zan kare ki."

Ran nan da suka zauna a bakin taga, Auta ta ga wani babban gari a cikin gajimare. Garin kyanwoyi ne. Gidajensu farare ne masu laushi. Sarauniyarsu tana zaune a kan matashi, jelarta ta kai tsawon titi. Ta sa aka kira Auta, ta rataya mata sarƙar zinariya a wuya, ta ce, "Ga yarinyar da ta ceci 'yarmu." Duk kyanwoyin suka sunkuyar da kai.

Da yamma Umma ta hawo, da zare a jikin zanenta.

"Kin ba Tsumma abinci?"

"Na ba ta."

"Kin sa garin?"

Auta ta kalli ƙasa. "Na sa."

Kalmomi biyu ne kawai. Da ta faɗe su sau ɗaya, na biyu bai yi mata wuya ba. Kullum takan ɗebo cokali ɗaya ta zubar, don kwalbar ta riƙa raguwa. Kullum Umma takan tambaya. Kullum Auta takan ce, "Na sa."

Mako ya wuce, wani ya biyo. Tsumma tana cin abinci sosai, tana ƙara tsawo. Auta ta ce a ranta, ai ga shi nan, babu abin da ya faru.

A mako na biyar ne ta lura Tsumma ta daina hawa tebur. Takan zo gindinsa ta ɗaga kai, ta yi kamar za ta yi tsalle, sai ta fasa. Ta koma kwalinta ta kwanta.

"Tsumma ta zama malalaciya," in ji Baba. "Na kawo ta don ta yi mana aiki, ashe ba za ta yi mana aikin komai ba."

Bayan kwana kaɗan, tafiyarta ma ta canza. Tana taka ƙasa a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙaya. Idan Auta ta ɗauke ta, sai ta yi ɗan kuka.

Auta ta damu. Amma ta ce wa kanta, wataƙila ragowar garin da ta ci da farko ne yake fita daga jikinta. Ta ɗauki Tsumma a hankali ta ɗora ta a bakin taga. Gajimare suna wucewa kamar kullum. Auta ta nemi garin kyanwoyi, ba ta gan shi ba.

Ranar Asabar da safe, Tsumma tana kwance a kan kujera. Wani malam-buɗe-littafi ya shigo ta taga, fari da ɗigon baƙi. Ya zagaya ɗakin, ya sauko ƙasa-ƙasa. Tsumma ta manta da ciwonta. Ta miƙe ta yi tsalle.

Kujerar ba ta da tsawo. Amma da ta dira, sai ta ƙwalla wata ƙara da Auta ba ta taɓa ji ba. Ta yi ƙoƙarin tashi, ƙafarta ta baya ta ƙi. Ta ja jiki ta shige ƙarƙashin kujera tana rawar jiki.

"Umma! Umma!"

Umma ta fito da gudu. Ta durƙusa ta jawo Tsumma a hankali, ta naɗe ta a tawul.

"Ɗauko takalminki. Mu tafi asibiti."

A hanya Auta ce ta riƙe tawul ɗin. Tana jin zuciyar Tsumma tana bugawa da sauri a tafin hannunta. Ba ta ɗaga kai ta kalli sama ba ko sau ɗaya.

Likita ta karɓi Tsumma ta shiga da ita ɗakin ciki. Suka jira. Kifayen suna nan a akwatinsu, amma Auta ko kallonsu ba ta yi ba.

Da Likita ta fito, tana riƙe da wani baƙin hoto. Ta manna shi a jikin wata fitila a bango.

"Wannan hoton ƙashin Tsumma ne," ta ce. "Ga inda ƙafar ta tsage, a nan. Tsagewar ƙarama ce. Ba ita ce ta fi damuna ba."

Ta ɗauko wani hoton ta manna a gefe.

"Wannan na wata kyanwa ce mai lafiya, sa'arta. Kun ga ƙasusuwanta? Farare tas. Yanzu ku dubi na Tsumma."

Auta ta duba. Ƙasusuwan Tsumma ba farare ba ne. Dishi-dishi suke, sirara, kamar an zana su da hayaƙi.

"Ƙashinta ya yi laushi," in ji Likita. "Shi ya sa ɗan tsalle kaɗan ya tsaga shi. Kuna sa mata garin da na ba ku?"

"Kullum," in ji Umma. "Kwalbar ma ta kusa ƙarewa. Auta ce take sawa, ba ta taɓa fashi ba."

Likita ta cire gilashinta ta goge. Ta daɗe tana kallon hoton.

"To, abin ya ɗaure min kai. Idan tana cin garin kuma ƙashinta ya zama haka, ɗayan biyu ne. Ko dai tana da wata cuta a ciki, sai mun ɗebi jininta mun riƙe ta a nan kwana da kwanaki. Ko kuma garin ne ba shi da kyau. Idan haka ne, akwai gidaje da yawa da na ba irinsa. Dole yau ɗin nan in kira su duka in ce su daina bayarwa."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki waya.

Auta ta ga gidajen nan a idonta, ɗaya bayan ɗaya. A kowane gida akwai 'yar kyanwa da kwanonta. An daina sa musu gari. Dukansu suna tafiya a hankali, kamar masu taka ƙaya.

"Likita, kada ki kira su."

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. Likita da Umma suka juyo.

"Ba na sa mata," in ji Auta. Hawaye suka zubo mata. "Zubarwa nake yi a wurin wanke kwanuka. Tun da daɗewa. Ya fi wata guda."

Ana jin ƙarar ruwan akwatin kifi.

"Auta," in ji Umma.

Likita ta ajiye wayar. Ta jawo kujera ta zauna daidai tsawon Auta.

"Faɗa min dalili, 'yata."

Auta ta faɗa mata komai, tana shessheƙa. Ta faɗi maganar Rediyo da gwaggonta. Ta faɗi dogayen sunayen da ta kasa karantawa. Ta faɗi kantar da aka kwashe.

"Na ji tsoro ne kada ya kashe ta."

Likita ta buɗe kabad ta ɗauko irin kwalbar. Ta juya bayanta.

"Zo mu karanta tare. Kin ga wannan na farkon, mai tsawo? Kin san ɓawon ƙwai?"

"Na sani."

"To, abin da ke cikin ɓawon ƙwai ne. Irinsa ne yake gina ƙashi, naki da nawa da na Tsumma. Kyanwar da take farauta tana cin abin da ta kama har da ƙashinsa, a nan take samu. Tsumma kuwa tsoka kawai take ci. Tsoka ba ta da shi sosai. Ga ta kuma tana girma. Da jikinta ya nema ya rasa, sai ya fara ɗiba daga ƙashinta."

Auta ta share hawaye. "Wannan na biyun fa?"

"Wannan don idonta ne da zuciyarta. Na ukun don fatarta da gashinta. Kowanne da aikinsa. Yanzu ni ma bari in tambaye ki. Kin iya cewa albasa?"

"Albasa."

"Tafarnuwa fa?"

"Tafarnuwa."

"Kin ga ba su yi miki wuya ba. Kullum kina ganinsu a kicin. Amma da za ki riƙa sa wa Tsumma su a abinci, da sun lalata mata jini. Tsawon suna ba shi ne yake nuna abu mai cutarwa ba."

"Ashe na yi wauta."

"Tsoron da kika ji ba wauta ba ne," in ji Likita. "Wani lokaci abinci yakan zo da matsala, kin gani da idonki a kanti. Yana da kyau mutum ya so sanin abin da ke cikin kwalba. Kuskurenki shi ne ba ki tambaya ba. Da kin zo, da mun karanta tare tun ran nan."

"Za ta warke?"

"Za ta warke, da yardar Allah, tunda yanzu na san abin da nake magani. Amma sai an yi haƙuri. Mako shida za ta yi a keji. Babu tsalle, babu gudu. Kuma garin nan kullum."

Suka dawo gida da keji. Sai da suka shiga, suka shimfiɗa wa Tsumma tawul a ciki, sannan Umma ta zauna ta kira Auta.

"Kin san abin da ya fi ɓata min rai?"

"Garin da na zubar."

"A'a. 'Na sa' ɗin nan. Kullum ina tambayarki, kullum kina kallon ƙasa kina ce min kin sa. Yau na tsaya a gaban Likita na ba da shaida a kanki, ashe ba gaskiya nake faɗa ba."

"Ki yi haƙuri, Umma. Ba zan ƙara ba."

"Na haƙura. Kuma na ji daɗi da kika buɗe baki kafin a kira mutane. Amma daga yau, a gabana za ki riƙa sa garin, har sai ranar da na ce ya isa."

Da Baba ya dawo ya ji labari, bai yi wasa ba kamar yadda ya saba. Ya durƙusa a gaban kejin ya daɗe. Sannan ya dafa kan Auta.

"Auta, ni ma idan na ji wata ƙara a motata da ban gane ba, ba na cire ƙarfen in jefar. Wurin makanike nake zuwa. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Makonnin nan shida sun yi wa Auta tsawo. Tsumma takan sa hannu ta tsakanin ƙarafan kejin tana kuka, tana so a fito da ita. Auta takan ji kamar ta buɗe. Amma ba ta buɗe ba. Takan shimfiɗa tabarma a gefen kejin ta yi aikin gida a nan. Idan ta gama, sai ta karanta wa Tsumma littafin labarai har ta yi barci.

Safe da yamma Auta takan sauka shago ko ta jira Umma ta hawo. Ta ɗebo cokali ɗaya a gabanta, ta zuba, ta juya.

A makaranta, ta faɗa wa Rediyo abin da ya faru.

"Wallahi ban san haka zai faru ba," in ji Rediyo. "Ni dai abin da na ji na faɗa."

Malamar kimiyya tana kusa, ta ji su. Da aka shiga aji, ta ɗauki alli ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: SODIYAM KULORAYID.

"Wa zai yarda a sa masa wannan a abinci?"

Babu wanda ya ɗaga hannu.

"Ni ko da kyauta ba na so," in ji wata daga baya.

"To, dukanku kun ci shi yau da safe," in ji Malama. "Gishiri ne."

Ajin ya kaure da dariya. Rediyo ta fi kowa dariya. Kafin a tashi, ta kai labarin har aji uku.

A mako na huɗu, Umma tana cikin ɗinki Auta ta sauko da kwano da kwalba. Umma ba ta ɗago daga keken ba.

"Je ki sa a sama," ta ce. "Ba sai na gani ba."

Auta ta hau matakala da murmushi har kunne.

Ranar da mako shida suka cika, Likita ta sake ɗaukar hoto. Ta manna shi a jikin fitila. Tsagewar ta haɗe. Ƙasusuwan sun yi fari, sun yi kauri.

"Aikinki ya yi kyau," ta ce wa Auta. "Kuna iya buɗe mata."

A gida, Auta ta durƙusa ta zare sakatar kejin. Tsumma ta leƙo. Ta fito da ƙafa ɗaya, sannan ta biyu. Ta yi miƙa mai tsawo, ta yi hamma. Ta zagaya ɗakin a hankali tana shinshina komai, kamar baƙuwa.

Sai kawai ta zabura. Ta ruga ta tsallake ƙafar Baba, ta kama labulen falo, ta haye shi fyu har can sama. Ta maƙale a kan sandar tana kallonsu.

"Sabon labulena!" in ji Umma. "Jiya na gama ɗinka shi! Sauko nan, ke!"

Baba yana dariya har da riƙe ciki. Auta tana tsalle tana tafi.

Da ƙyar Baba ya hau kujera ya sauko da ita. Ya miƙa wa Auta. Ta rungume ta, Tsumma tana gurnani a ƙirjinta.

"To, Auta," in ji Umma, tana duba inda farce ya ja zare, "me kika koya?"

"Idan na ji tsoron wani abu, ko ban gane shi ba, in tambayi wanda ya sani. Kada in yanke hukunci ni kaɗai a ɓoye. Kuma idan aka tambaye ni, in faɗi gaskiya tun farko."

"Madalla," in ji Umma. "Yanzu ɗauko min allura da zare. Ke da kyanwarki za ku taya ni gyaran labulen nan."